Surukina da Harshen da Ba na Kowa Ba

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya ranar wata Laraba da hantsi, bayan an gama ɗaurin gero, aka kai shi makwanci kafin azahar. Yau kwana arba'in ke nan.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa a nan Dakoro ba. Tabarmin gidanmu da na maƙwabta suka ƙare, har aka koma shimfiɗa fatu. Ardon Fulanin Korahane ya zo da mutanensa, ya zauna a bakin zaure tun hantsi har la'asar, da zai tashi ya ce wannan tsoho shi kaɗai ne Kaɗon da ya taɓa yi masa gyara a gaban jama'a ya koma ruga yana dariya. Dangina na Azagor suka zo a kan raƙuma. Yayana, wanda ko a mutuwar mahaifinmu ban ga hawayensa ba, ya ja rawani har ƙarƙashin ido ya juya wa mutane baya. Baba Malam, ƙanen marigayin, shi ne limaminmu, shi kuma ya sallace shi.

A cikin gida mata na shigowa suna gaida Inna, uwar maigidana. Wasu na cewa Allah ya jiƙan mai yaren tsuntsaye, su kai gefen zane baki don kada a ga murmushi. Inna ba ta ji haushi ba. Ta ce shekara arba'in da wani abu tana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru ko na yini guda, ga shi an amsa mata, shirun kuma ya fi ƙarfinta.

Ranar uku ina kai ruwa zaure na ji wani baƙo daga Bader Goula yana tambaya wane ne wannan da aka taru haka dominsa. Na kusa da shi ya ce wani tsohon fatake ne da ya je Tarabulus ya dawo kansa ya ɗan taɓu. Na ajiye ƙwaryar na koma ciki, don suruka ba ta tanka wa maza a zaure. Amma maganar ba ta fita daga raina ba. Shi ya sa na roƙi Baba Malam ya zauna da alƙalami, ni ina faɗa yana rubutawa, don kada abin da zai rage na Baba ya zama wannan magana.

Baba manomi ne, gero da gyaɗa kamar kowa, amma tun yana saurayi yake bin ayari da rani. Tafiyarsa ta ƙarshe ya yi ta ne da furfura a gemu. Ya bi wani madugu da gashin jimina da jar fata, ta Agadas da Gat har Tarabulus a bakin teku. A can raƙumi ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye a cinya. Lokacin dawowa ya yi bai iya tsayuwa ba, sai madugu ya bar shi a wani ɗaki a bayan rumfar wani Banasare mai gyaran agogo, abin nan na ƙarfe da ke faɗin lokaci, wanda ni ban taɓa gani ba.

Banasaren shi ma baƙo ne a garin, bai daɗe da tsallako teku ba, Larabcinsa bai taka kara ya karya ba. Na Baba kuwa na salla ne da na ciniki. Wata guda suka yi suna magana da hannu. Wata rana mutumin ya zo da wani ɗan siririn littafi, ya nuna kansa, ya nuna Baba, ya nuna littafin, alamar su biyun duka za su koya. Ya ɗaga moɗar ruwa ya ce akvo. Ya taɓa ƙafar da ta karye ya ce piedo. Baba ya nemi tawada da takarda ya riƙa rubutawa da ajami. Ya ce kafin wata huɗu har gardama suke yi, a kan tsakanin raƙumi da jirgin ruwa wanne ya fi cin amana.

Sunan harshen Esperanto, wato mai sa rai. Yadda Baba ya ji labari, wani likita ne a wata ƙasa mai sanyi ya ƙera shi, saboda ya tashi a garin da ƙabilu ke zaune tare suna rigima don ba sa jin juna. Ya yi masa ƙa'idoji goma sha shida, babu wadda ke da sai dai, ya kuma yi shi yadda ba wanda zai ce na uwarsa ne. Bayan shekara da rabi Baba ya dawo gida yana ɗingishi, da takardunsa a gafaka.

Ni an kawo ni gidan nan ne shekara biyu bayan dawowarsa. Mu makiyaya ne, Abzinanci muke yi a gida, Hausata a lokacin ba ta wuce gaisuwa da sayar da cuku ba. Ina son mijina, shi ma yana sona, amma wurin daka ya zame mini wurin kuka. In na ce tuwo ta nuna, a fashe da dariya. In na ce wuta ya mutu, a yini ana maimaitawa. Na koyi saniya, aka ce in suna da yawa shanu ne. Na koyi rijiya, aka ce rijiyoyi. Na rasa inda zan kama, sai na kame bakina. Kusan wata biyu ban yi magana da kowa ba sai mijina, har aka fara cewa an auro bebiya.

Akwai zana tsakanin zauren Baba da inda nake kaɗin auduga. Wata rana da la'asar na ga an turo ƙwaryar ruwa ta ƙarƙashin zanar, na ji muryarsa ya ce akvo. Na yi tsit, don ko inuwarsa na gani nakan kauce. Washegari ya sake. Rana ta uku na maimaita a hankali, kamar mai jin tsoron kada bakinta ya ji.

Ya yi dariya ya ce, “Madalla, ɗiyata. Wanga harshe ba wanda ya girme ki a cikinsa. Ni ma jiya-jiya na koya.”

Haka muka fara, shi a can, ni a nan, zana a tsakani. Abu na farko da ya koya mini shi ne duk sunan abu da o yake ƙarewa: domo gida, lakto nono, bovo sa, kamelo raƙumi, puto rijiya. Ya ce ƙarshen kalma kamar shaidar da ake yi wa dabba ce a kunne, da gani ka san garkenta. Mai faɗin halin abu kuma da sautin a yake ƙarewa: bona mai kyau, granda babba, varma mai zafi. Da na tambaye shi yadda ake cewa shanu, na shirya jin wata sabuwar kalma, sai ya ce ƙarshen kawai ake ɗan ja: bovo ya zama bovoj, ana jin wutsiyarsa kamar oi, haka kameloj, haka putoj, haka komai har abada. Na ce babu wanda ya saɓa? Ya ce ko ɗaya. Na ajiye mazari na yi dariya, dariyata ta farko a gidan nan.

Daga nan ya shiga dangi. Patro uba, a sa ɗan guntun nan in a cikinsa ya zama patrino, uwa. Filo ɗa, filino ɗiya. Frato ɗan'uwa, fratino 'yar'uwa. Waɗanda aure ya haɗa kuma, ana sa musu bo a gaba. Shi bopatro ne a wurina, ni bofilino ce a wurinsa. Ya ce in lura, bo ɗin ɗan ƙaramin abu ne a bakin ƙofa, in an ɗauke shi abin da ya rage uba ne da ɗiya.

Magana ta kai kunnen Inna cewa suruka na hira da surukinta. Ta zo ta tsaya ta saurara na ɗan lokaci, ta yanke hukunci cewa wannan ba hira ba ce, tunda ba wanda ke ji, don haka kunya ba ta karye ba. Da Hausa har ya bar duniya ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Amma da harshen nan ina ce masa vi, wato kai, in tambaye shi, in ma gyara masa in ya yi tuntuɓe. Abin mamaki, da tsoron kuskure ya fita daga raina, Hausar ma sai ta saki. Wannan da nake yi yanzu, a bayan zanar nan na samo ƙarfin halin koyonta.

Ba zan ce Baba ba shi da wuyar zama ba. Baƙo bai isa ya sha furarsa ya tashi ba sai ya koyi kalma uku. Awakinsa duka suna da suna da harshen. In ya ji an ce huto maimakon puto, yadda bakinmu na nan ke juya shi, sai ya tsayar da mutum a rana ya sa shi ya haɗe leɓɓa har sai ta fito. Ya fi kowa son mal, ɗan guntun da ake sa wa kalma a gaba ta juye: bona ya zama malbona, marar kyau, granda ya zama malgranda, ƙarami, varma ya zama malvarma, mai sanyi. Ya ce rabin kalmomin duniya kyauta aka ba ka, ka koyi ɗaya ka tafi da biyu. Lokutan aiki kuma a gona ya koya mana su: abin da ya wuce is, wanda ake ciki as, mai zuwa os. Mi semis, na shuka. Mi sarkas, ina noma. Mi rikoltos, zan girbe. Inna ta tambayi ma'anar ta tsakiyar, aka faɗa mata, ta ce to wannan ƙarya ce da kowane harshe, don ciyawa ta kai gwiwa a gonarsa ta gabas. Gaskiyarta kuwa. A damanar nan sai da maigidana ya bar tasa ya nome ta uban.

Rigimarsa da Baba Malam daga wannan os ɗin ta taso. Baba Malam ɗin ke rubuta wannan, ya kuma ce in faɗe ta yadda ta faru kada in rage. Ya ji yara na cewa za su girbe, za su tafi, za su ci, babu in Allah ya so. Bayan sallar la'asar ya yi magana a ƙofar masallaci, bai kama suna ba, ya ce wanda ke da sauran wuri a kansa ya cika shi da karatu, kuma Musulmi na da harshen da ya haɗa su tun tuni, ba sa bukatar na Nasara. Baba ya tashi a gaban mutane ya tambaye shi, Larabcin da ya yi shekara ashirin yana koyo, ko albasa ya taɓa saye da shi?

Wannan magana ba ta dace ba, Baba ma ya sani tun kafin ya iso gida. Amma shi ne babba, bakinsa ya yi nauyi. Mutanen da tun suna yara akushi ɗaya suke ci, daga shuka har girbi kowa a zaurensa yake cin tuwo. Abin da Baba ya yi kawai shi ne ya hana kowa faɗin os ba tare da se Dio volos ba, wato in Allah ya so.

Wata safiya ina sheƙar gero ina bitar darasina da ƙarfi: la bovo tiras la ŝnuron, sa yana jan igiya. Ban san Baba Malam na wucewa ta bayan danga ba. Ya tsaya ya ce jiya ya ji ana ce wa igiya ŝnuro, yau ina aka samo n a ƙarshenta? Na durƙusa na ce, wanda aiki ya faɗa kansa shi ake sa wa n, don a san mai ja da abin da ake ja ko da an juya maganar. Sai ya ce, “Ai wanga nasabu ne.” Ya ce haka nahawun Larabci yake yi wa wanda aiki ya faɗa kansa, kusan ma da sauti guda. Ya wuce kai tsaye zauren yayansa ya ce a ba shi takardun ya gani. Da na kai musu tuwon rana akushi ɗaya suka ce in ajiye. Ina fita na ji Baba yana cewa ya yi kuskure a ƙofar masallaci. Ya ce Larabci da shi yake gaida Ubangijinsa, ba zai kora sa da shi ba, shi ya sa yake neman wani na korar sa.

Abin da ya sa Ardo da yayana suka zo makokinsa kuwa, rijiya ce. Babbar rijiyarmu ta kwari tana da zurfi ƙwarai, ba a jan ruwanta da hannu, sai a ɗaura wa dabba igiya ta yi nisa da ita, mutum guda na bakin rijiya yana kira, wani na can yana kora. Mu da Fulanin Korahane da dangina na Azagor duk ita muke sha da rani. Wata shekara igiya ta naɗe hannun wani Bafillace a bakin rijiya. Ya yi ihu da Fillanci a tsaya, mai korar raƙumin Ba'abzine ne, bai tsaya ba sai da yatsu biyu suka tafi. Shi ya ce bai ji ba, Fulani suka ce ya ji sarai. Tun daga nan kowa da takobi ko sanda yake zuwa ban ruwa, ba mai kama wa wani igiya.

Rani na gaba yashi ya cike rijiyar, wasaki, gugan nan na fata, na fitowa da laka. Dole a yashe ta, in ba haka ba dabbobi su mutu, mu ma mu tashi. Maigidana shi ne gwanin shiga rijiya a garin nan. Raƙumin da zai iya fito da mutum da kwandon yashi daga wannan zurfin na yayana ne. Waɗanda suka iya riƙon igiya a baki kuwa Fulani ne. Aka taru a gindin gawo, magana ta tsaya a kan da wane harshe za a yi kira. Mai gari ya ce rijiyar Hausawa ce, da Hausa za a yi. Yayana ya ce yana jin Hausa kaɗan, amma shi da raƙuminsa ba sa karɓar umarni da harshen masu hauya. Ardo ya ce tunda an ƙi jin Fillanci ranar da ake bukata, su ma kunnensu ya toshe. Yini biyu ana abu guda. Ni ina gida ina tunanin ranar da mijina zai zama a ƙasa, yayana a sama, in wani abu ya faru ban san gidan da zan zauna ba.

Rana ta uku Baba ya dogara sandarsa ya je. Ya ce yana da kalma biyar da ba na Bahaushe ba, ba na Bafillace ba, ba na Ba'abzine ba, wanda duk ya faɗe su bai bi kowa ba, wanda ya ji su bai rusuna wa kowa ba. Aka yi dariya, har mai gari. Baba ya bari aka gama, ya ce to tunda an iya dariya tare, a gwada. Tiru, ja. Haltu, tsaya. Lasu, saki. Rapide, da sauri. Malrapide, sannu-sannu. Ya ce umarni da u yake ƙarewa, don a iya jan sa ya kai nesa.

Ardo ne ya fara amsawa, ina jin don ya nuna bakinsa ya fi na kowa laushi. Ya ce altu. Baba ya ce a'a, da h, ya sa shi ya sake har sau huɗu a gaban mutanensa. Yayana ya ƙi buɗe baki a taro. Da la'asar ya zo gaishe ni, ya zauna yana wasa da bulala, can ya ce da Abzinanci, waɗannan kalmomin na tsohon, in sake faɗa masa su. Ni na koya masa, ƙanwarsa da ya goya.

Ranar yasa mu mata muna nesa kaɗan da tuluna. Aka zura maigidana, aka yi ta fito da yashi tun safe har rana ta take tsaka, kira na tafiya daga ƙasa zuwa baki, daga baki zuwa wurin raƙumi. Sai muka ji muryar ɗan Ardo, wanda ke baki, ta canza. Gefen rijiyar ya zabto daga ƙasa, yashi ya kama maigidana har ƙugu yana hawa. Ɗan Ardo ya ce tiru, rapide, yayana ya zabura raƙumi. Ana cikin ja sai igiyar da ke ɗaure a ƙirjin maigidana ta maƙale a icen da aka tokare bangon da shi. Taku biyu in raƙumin ya ƙara, ko igiya ta tsinke ko haƙarƙari ya karye. Ɗan Ardo ya ce haltu. Na ga yayana ya rungume wuyan raƙumin ya danne shi ƙasa a take, ƙafar dabbar na sama ba ta sauka gaba ba. Aka ce lasu, ya saki kaɗan. Aka ce tiru, malrapide, ya riƙa ja taku ɗaya-ɗaya kamar mai tafiya a kan ƙwai, har kan maigidana ya bayyana, fari fat da yashi, yana tari.

Ban san lokacin da tuluna ya faɗi ba. Da na waiwaya na ga Baba zaune a ƙasa, sandarsa a gefe. Mutane suka taru kansa suna sa masa albarka. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne a kira masa ɗan Ardo, ya ce masa h ɗinsa ta fito da kyau. Bayan kwana huɗu aka gama yasa, Bafillacen nan mai yatsu uku shi ya fara shayar da raƙumin yayana. Har yau da kalmomin nan biyar ake kira a rijiyar kwari, akwai ma masu faɗinsu da ba su san daga inda suka fito ba.

Ba zan ƙara gishiri ba, harshen bai bazu yadda Baba ya so ba. Ya yi zaton nan da 'yan shekaru duk kasuwannin duniya da shi za a yi ciniki. Duk ayarin da ya sauka, sai ya dogara sanda ya je ya tari baƙi da saluton, gaisuwar harshen, ya tsaya yana duban bakinsu. Ba a taɓa amsa masa ba ko sau ɗaya. Yakan dawo ya ce wataƙila na baɗi. Waɗanda suka iya haɗa magana doguwa a garin nan mu biyu ne, ni da Baba Malam, sai ɗiyata ta fari da ke tasowa. Amma ban taɓa jin ya ce ya yi asarar lokacinsa ba.

Ciwonsa bai daɗe ba, zazzaɓi ne ya kama shi ana tsakiyar girbi. Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya yi kalmar shahada, ya yi wa kowa addu'a, sa'an nan ya ce abu ɗaya ke damunsa. Mutumin nan na Tarabulus ya rako shi har bayan gari ranar da zai taso, ya roƙe shi in ya isa gida ya aiko a faɗa masa. Shekara tara ke nan yana cewa sai ayari na gaba, yana jiran sai ya sami labari babba da zai aika, cewa gari guda ya koya. Ya ce, “Na tsaya jiran babban labari, ƙaramin ma ban aika ba. Bai san ko na mutu a hamada ba.”

Makon jiya wani ayari ya sauka zai yi arewa. Na zauna da Baba Malam muka haɗa saƙo da kalmomin da muke da su, ya rubuta da ajami: Via amiko venis hejmen. Li instruis nin. Nun li mortis. Li ne forgesis vin. Dankon. Wato abokinka ya iso gida, ya koya mana, yanzu ya rasu, bai manta da kai ba, mun gode.

Baba Malam ya ce akwai matsala, Banasare ba ya karanta ajami. Na ce to mai kai saƙon ya karanta masa da baki, tunda harshen yadda aka rubuta shi haka ake faɗinsa. Aka samo wani dattijo a cikin ayarin da ya san unguwar masu gyaran agogo, mutum mai ɗaurarriyar fuska. Ya zauna a zauren Baba, ni ina bayan zana, na yi ta faɗa yana maimaitawa har ya daina tuntuɓe. Ya naɗe takardar ya sa a layar wuyansa, ya ce ba ya alkawarin mutumin na nan da rai, amma in yana nan zai same shi. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, to in ya ba da amsa fa, shi da ba ya ji, yaya zai yi da ita?

Na ce, “Ka riƙo ta a ka yadda ya faɗe ta. Akwai mai ji a Dakoro.”

Allah ya yi wa surukina rahama, ya yalwata masa kabari, ya sa ya amsa tambayar can da harshen da ba ya sarƙewa. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan.